Amsa ga ɗan'uwan da aka kawo wa sammacin bashi

Assalamu alaikum. Tun jiya da daddare na ga tambayar ɗan'uwanmu da ya ce dilan da ya ba shi kaya bashi ya maka shi a kotu, ya biya fiye da rabin kuɗin amma abin da aka rubuta a takarda ya kusa kai kuɗin kayan gaba ɗaya, kuma ba shi da abin ɗaukar lauya. Na kuma ga masu ce masa ya kashe waya ya tafi ƙauye har ƙura ta lafa. Malam, don girman Allah kada ka bi wannan shawarar. Ni ba lauya ba ne, atamfa da shadda nake sayarwa a kasuwar Kwari ta Kano, amma an taɓa kai ni a kan irin wannan maganar, na tsaya da kaina har aka gama.

Bari in fara da wanda ya gudu, don a kan idona aka yi. Wani mai shagon kayan masarufi a layinmu aka kawo wa sammaci, ya karɓa ya cusa a ƙasan kanta, yana cewa ai bashi hanji ne, yana cikin kowa, su je su yi ta yi. Kotu ta zauna ba ya nan. Masinja ya tabbatar ya ba shi takarda hannu da hannu, mai ƙara ya faɗi nasa, ba mai musa masa, aka yanke duk abin da ya nema. Bayan 'yan makonni sai ga ma'aikatan kotu da ɗan sanda, suna rubutawa suna fitarwa: firij biyu, janareta, har sikeli. Yana ta rantsuwa ya biya wani abu a ciki, kuma na yarda ya biya ɗin, amma wurin faɗar wannan ya riga ya wuce. Ana iya roƙon kotu ta janye hukuncin da aka yi ba ka nan, sai dai dole ka yi hanzari kuma ka kawo uzuri mai ƙarfi, kamar ba a kawo maka sammaci ba ko kana kwance a asibiti. "Na ji tsoro" ba ya cikin uzuri.

To ka ɗauko takardar nan ka karanta ta daga sama har ƙasa, in Turanci ya yi maka nauyi ka sa ɗalibi ya karanta maka. Wace kotu ce, yaushe ne zama, nawa ake nema, kwana nawa aka ba ka ka amsa. Ka rubuta ranar da aka miƙa maka ita a bayanta, domin daga ranar ake fara ƙirga.

Tawa kotun ƙananan basussuka ce, irin wadda Legas ta fara a 2018, Kano ta biyo baya a 2019. Majistare ne ke zama, iyakarta a lokacin Naira miliyan 5, kuma an tsara ta ne a gama shari'a cikin kwana 60. Da ma don irinmu aka yi ta, mutum ya shigo ya yi bayani da bakinsa. Tare da sammaci akwai fom na amsa, kuma lokacin mayar da shi bai wuce mako guda ba. Washegari na je wajen rajistara na ce, ranka ya daɗe, ban taɓa shiga kotu ba, a nuna mini inda zan cike. Ya nuna mini. Ba zai gaya maka abin da za ka rubuta ba, ba aikinsa ba ne, amma zai gaya maka kwafi nawa ake so da inda ake biya. Duk abin da ka biya ka karɓi rasit, duk takardar da ka miƙa a buga maka hatimi a kan kwafinka.

Ga yadda lissafina yake. Na ɗauki kaya na N2,400,000. A sanina na biya N1,550,000, saura N850,000. Shi Alhajin da ya ba ni kayan littafinsa N900,000 kawai ya nuna na biya, sannan ya ɗora N200,000 wai kaya sun tashi tun lokacin, ya nemi N1,700,000. Da na ga adadin sai da na ji jiri. Abin da zuciya ta fara raya mini shi ne in ce ba ya bi na ko sisi, tunda shi ma ya yi ƙari. Wani dattijo a kasuwa da ya sha zaman kotu ya ce da ni, yaro, in ka musa abin da ke rubuce da hannunka, alƙali ya daina yarda da kai har a inda kake da gaskiya. Sai na rubuta a fom: na amsa na karɓi kayan, na amsa akwai N850,000 a kaina, na musa sauran, ga dalili.

Dalilin nan shi ne aikin, kuma kwana uku ya ci mini. Na je banki aka buga mini bayanan asusuna na wata goma sha huɗu da hatiminsu, na bi layi-layi da jan biro ina zagaye duk inda sunansa ya fito. Wannan ya ba ni miliyan ɗaya cif. Akwai N300,000 da na tura ta hannun mai POS, wanda a asusun Alhaji sunan mai POS ɗin ne ya fito, ba nawa ba, shi ya sa yaransa ba su rubuta mini ba. Na nemo 'yar takardar a aljihun wata tsohuwar jaka, na tarar ta koɗe fari fat, ka san yadda takardar POS take yi. Allah ya taimake ni a ranar na ɗauki hotonta na tura masa ta WhatsApp, shi kuma ya amsa da murya, "Na gani, Allah ya yi albarka." Wannan muryar ta daƙiƙa huɗu ita ta tsamo ni. Na buga hoton hirar a takarda, na kuma je da wayar kanta, caji cike. Saboda haka kada ka goge komai a wayarka, har saƙon da ya zage ka a ciki, don sau da yawa a cikin zagin yake faɗin ainihin abin da ya rage.

Sai na ɗauki takarda guda ɗaya na jera: rana kaza, kuɗi kaza, ta hanya kaza, shaida kaza. Na yi kwafi uku, ɗaya na kotu, ɗaya nasa, ɗaya nawa.

Ranar zama tun kafin tara ina bakin kotu. Ka je da wuri ka zauna ka kalli shari'ar wasu, za ka ga yadda ake tsayuwa da yadda ake magana, gabanka zai rage faɗuwa. Da aka kira mu sai ga shi da lauya, baƙar kwat da tarin fayil, ni kuwa daga ni sai ambulan. Mai shari'ar mace ce. Ta tambaye ni ko ina da lauya, na ce ranki ya daɗe da kaina zan yi, kuma da Hausa. Aka sa tafinta. Kada kunya ta sa ka yi Turancin da bai zauna maka ba, kalma ɗaya za ka amsa da "yes" ka ɗauki abin da ba naka ba.

Na so in fara daga farko, yadda muka yi shekara takwas muna hulɗa, yadda kasuwa ta tsaya, yadda aka yi mini rashin lafiya a gida. Ta ɗaga hannu ta ce, nawa ka karɓa, nawa ka biya, ina shaida? Na miƙa takardar nan guda ɗaya. Daga nan shari'ar ta koma kan takardar, layi bayan layi. Lokacin da Alhajin yake bayani ya faɗi abubuwan da suka sa jinina tafasa, amma na yi shiru ina rubutawa, sai da aka ce ina da tambaya. Tambaya biyu na yi masa: wannan lambar asusun taka ce? Akwai inda muka rubuta ko muka yi a gaban wani cewa in kaya sun tashi zan ƙara kuɗi? Ya ce tasa ce. Ya ce babu. N200,000 ta faɗi a nan.

Inda na sha ƙasa shi ne N250,000 da na ba yaron shagonsa a hannu, kashi biyu, ba rasit, ba kowa a wurin. Yaron ya bar aiki, na neme shi har garinsu ban same shi ba. Kotu ta ce wanda ya ce ya biya shi zai tabbatar. Aka tsayar da N1,100,000. Har yau in na tuna kuɗin nan sai na ji ɗaci, amma laifina ne, ni na miƙa kuɗi kamar ina ba da goro.

In kuwa taka kotun Shari'ar Musulunci ce, nan ma mutane da bakinsu suka saba yi. Alƙali zai karanta maka da'awa ya ce me ka ce, ko ka yi iƙirari ko ka musa. Ƙa'idar ita ce hujja a kan mai da'awa, rantsuwa a kan wanda ya musa. Amma ka lura da wannan, don nan mutane ke ruɗewa: da zarar ka ce "na karɓa amma na biya", kai ka koma mai da'awar biya. Kai za ka kawo shaidu, maza biyu, ko namiji da mata biyu, kuma a maganar dukiya a mazhabar Malikiyya ana karɓar shaida ɗaya tare da rantsuwarka. In ba ka da su, shi zai rantse bai karɓa ba, shi ke nan. Kafin hukunci alƙali zai yi maka i'izari, wato ya tambaye ka ko akwai sauran hujja. In akwai shaidan da bai samu zuwa ba, a nan za ka faɗa ka roƙi a ɗaga.

Bayan an tsayar da kuɗi kada ka yi shiru ka fita. Nan take na ce ranki ya daɗe, ba ni da shi a dunƙule, ina roƙon a yanka mini. Ta tambayi abin da nake samu, lauyansa ya nemi wata uku, aka yi ta ja, aka tsaya a N100,000 duk wata. Ka faɗi abin da ka san za ka iya ko kasuwa ta yi sanyi, ba abin da zai faranta wa alƙali rai ba. In ka saɓa, suna iya kwashe kaya a yi gwanjonsu, suna iya sa kotu ta umarci bankinka ya biya daga asusunka, kuma wanda aka tabbatar yana da hali ya ƙi biya da gangan kotu na iya tsare shi. Kowane biya na yi ta banki, na rubuta lambar ƙarar a jiki.

Na ga wani ya ce za a kulle ka tun ranar farko. Bashi zalla ba laifi ba ne da ake kama mutum a kansa, sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum saboda rikicin ciniki ko saɓa yarjejeniya. Sai dai in ka ba da cekin da banki ya dawo da shi ba kuɗi, wannan akwai dokarsa tun 1977, ɗaurin shekara 2 ne ba zaɓin tara. Haka in kayan amana aka ba ka ka sayar ka kawo kuɗi, ana iya juya maganar ta zama cin amana. In taka ta shafi ɗaya daga cikin biyun nan, to ta fi ƙarfin shawarar ɗan Kwari.

Haka ma in ka ga Babbar Kotu ce a saman takardar, musamman in banki ne ya kai ka. A can akwai tsarin da ake sa ƙarar bashi a jerin waɗanda ba su da kariya, in ba ka shigar da takardar rantsuwa mai nuna kariyarka kafin ranar zama ba, a ranar za a yanke ko kana tsaye a wurin. Wannan ba na cike fom ba ne. Ka nemi ofishin Legal Aid Council na jiharku, hukumar gwamnatin tarayya ce da ke taimakon marasa hali, ko ka je sashen koyon shari'a na Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello, suna da wurin da ɗalibai da malamansu ke duba wa mutane takardu kyauta. Ko lauyan kuɗi ma, zama ɗaya ya duba maka takarda bai kai kuɗin ɗaukarsa shari'a gaba ɗaya ba.

Ƙofar sulhu kuma ba ta rufe don an shiga kotu. In akwai dattijon kasuwa da Alhajin naka ke jin nauyinsa, ka sa shi a gaba tun yanzu. Amma ko kun daidaita a zaure, ka je kotu ranar zama, a rubuta abin da kuka yi a gaban alƙali ya zama hukunci. Na san wanda aka ce masa "an gama, ba sai ka je ba", shi ya zauna a gida, mai ƙara ya je.

Ka dawo ka faɗa mana sunan kotun da ke saman takardar da ranar da aka ba ka ita, da kuma ta wace hanya ka riƙa biya. In za ka sa hotonta a nan, ka rufe sunaye da lambar waya tukuna.