Amsa ga Hajiya ta Aboabo kan kamfanin inshorar ɗanta

Hajiya, barka da yini. Kin ce ɗanki da ke Amurka ya faɗa miki an sayar da kamfanin inshorar lafiyarsa, kina tambaya ko katinsa ya mutu ke nan. Bai mutu ba. Wanda ya sayi kamfanin yana gadar yarjejeniyar da ke ƙasa har wa'adinta ya cika.

Inda hankalina bai kwanta ba shi ne bayan nan. A 2018 CVS, mai kantunan magani, ya sayi kamfanin inshora Aetna kan dala biliyan 69, kamfanin inshora Cigna kuma ya haɗiye Express Scripts, mai kula da biyan kuɗin magunguna, a shekarar. To kin ga mai inshorar shi ne mai kantin maganin, shi ke yanke inda za ka karɓi magani da nawa za ka cika daga aljihunka. Kamar a kasuwar Kejetia ta Kumasi ne, in mutum ɗaya ya kama duk layin masu shinkafa, wa za ki yi wa ciniki? Tsoron irin wannan rashin gasa ne ya sa kotun Amurka ta hana haɗewar kamfanonin inshora Aetna da Humana a 2017, haka ma Anthem da Cigna.

Mu nan Gana tamu daban ce, gwamnati ce da kanta ta haɗa asusun inshorar lafiya na gundumomi ƙarƙashin hukumar inshorar lafiya ta ƙasa (NHIA) da dokar 2012, kuma katin inshorar gwamnati (NHIS) yana aiki ko a asibitin Komfo Anokye na Kumasi ko a Tamale.

Don Allah ki ce masa idan lokacin sabuntawa ya zo ya duba ko likitansa da magungunansa suna nan cikin jerin sabon kamfanin, kafin ya sa hannu.