Me ke lanƙwasa ƙwayar jinin mai sikila?

Ƴar'uwa, kin tambaya me ke sa jajayen ƙwayoyin jinin ɗanki suke lanƙwashewa, da kuma ko abinci ne ya jawo. Ba ruwan abinci, gado ne daga uwa da uba duka biyu.

A cikin kowace jar ƙwayar jini akwai himoglobin, shi ke ɗaukar iskar oksijin. An gina shi ne da wasu sarƙoƙi, kuma wadda ake kira beta tana da ƙananan sinadarai 146 a jere, a sikila kuwa guda ɗaya tak ne ya sauya, na shida, inda sinadarin balin ya maye gurbin sinadarin gulutamik asid. Vernon Ingram ne ya gano wannan a Kambirij ta Ingila, wajen 1957. Da zarar irin wannan himoglobin ya sauke oksijin, sai ya riƙa manne wa juna ya zama dogayen zaruruwa masu tauri, su tura fatar ƙwayar har ta koma kamar lauje.

Lafiyayyar ƙwaya laushi gare ta, tana matsewa ta ratsa jijiyar da ta fi ta ƙanƙanta. Lanƙwasasshiya kuwa sai ta maƙale, jini ya tsaya, ciwon ƙashi ya taso. Ga saurin mutuwa, kwana 10 zuwa 20 maimakon kusan 120, shi ya sa ƙarancin jini da idon da ke yin rawaya.

Ƙishirwa, sanyi da zazzaɓi su ke tada ciwon, don haka ruwa sosai, rigar sanyi lokacin hunturu, gidan sauro kullum. Ki tambayi likitansa batun maganin hydroxyurea, yana ƙara himoglobin irin na jarirai wanda ke hana mannewar. Allah ya ba shi lafiya.