Saƙon ’yan sandan bogi ya kwashe min kuɗi: banki zai biya ni?

Tambaya: Lauya, ni tela ne a Jidda. Imel ya shigo min da tambarin ’yan sanda, wai sunana ya fito a wata shari’a, in ban biya tarar riyal 2,000 ba, za a hana ni fita ƙasar. Na latsa adireshin da ke cikin saƙon, na sa lambar katina da lambar sirrin da banki ya turo. Suka share asusun. Ba dole ne banki ya mayar min ba?

Amsa: Malam, Allah ya mayar da alheri. Sai dai ban ga wannan dolen ba, aƙalla daga abin da ka faɗa. Lambar sirrin nan kai banki ya turo wa, kai kuma ka miƙa ta da hannunka, kuma da wannan bankin zai fara kare kansa. Ba na cewa ba ka da hanya. Idan ka sanar da su da wuri suka yi sakaci, magana na iya canjawa, amma sai na ga takardu.

Hukuma a nan Saudiyya ba ta karɓar tara ta imel. Tara tana bayyana a Absher, manhajar ayyukan gwamnati, a biya ta SADAD, tsarin biyan kuɗi ta banki. Shari’a kuwa a Najiz, shafin Ma’aikatar Shari’a, ake ganinta. Duk wanda ke matsa maka ka biya kafin gobe, ɗan damfara ne.

Ka kira banki yau a toshe katin, ka shigar da rahoto a Kulluna Amn, manhajar kai rahoto ga jami’an tsaro, ko ofishin ’yan sanda, kada ka goge saƙon. Dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 3 da tarar har riyal miliyan 2, amma galibi masu wannan aiki suna wajen Saudiyya, hukuncin kuma ba shi ne zai dawo da kuɗinka ba.

Game da banki, kada ka yi gaggawar shari’a. Rubuta musu ƙorafi tukuna. In suka yi ta jan ƙafa, kamar yadda wasunsu suka saba, ka kai wa Babban Banki, SAMA. Sau da yawa a nan ake sasantawa. In kuma wani ya kira ka yana cewa zai ƙwato maka kuɗin in ka ba da kafin alƙalami, ’yan damfarar ne suka dawo.