Tankar wasata ta koma kamar kayan 'yan gwangwan

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina harhaɗa ƙananan motocin yaƙi na roba da ake buga wasan Bolt Action da su. Na yi wa wata tanka samfurin Panzer III fentin rundunar Jamus ta Arewacin Afirka a Yaƙin Duniya na Biyu, sai ta fito fes kamar abin wasan yara. Na bi ta da launin tsatsa ko'ina don ta yi kama da wadda ta sha wuya, yanzu kuma sai ka ce daga wajen 'yan gwangwan aka ɗauko ta. Ina gyaran yake?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, tsatsar ce ta ɓata maka aiki. Tankar da ke fagen daga ba yasasshiya ba ce, tana da masu kula da ita, kuma a hamadar Libiya ina ruwan da zai ci ƙarfe har haka? Bar tsatsa a kan salansa kawai, inda zafi ke ƙone fenti. Sauran jikin, ƙura da ɓarewar fenti ne abin nunawa.

Ka yi sa'ar zaɓi ma. Motocin farko da Jamus ta sauke a Tarabulus a watan Fabrairun 1941 sun zo ne da fentinsu na Turai, ruwan toka mai duhu, daga baya aka bi su da ruwan ƙasa. Ke nan duk inda na sama ya ɓare, ruwan toka zai leƙo, ba jan tsatsa ba.

Sake shafa ruwan ƙasan, ka bari ya bushe. Yago ɗan guntun soso, ka riƙe shi da hantsaki, ka dangwala a ruwan toka, ka goge a takarda har ya kusa bushewa, sannan ka riƙa dangwalawa a hankali. A ina? Tambayi kanka inda takalmin soja ke takawa da inda hannunsa ke kamawa: bakin murfin da suke shiga, gefen akwatin kaya, kusurwoyin gaba, saman injin. Tsakiyar bango, inda ba mai taɓawa, ƙyale shi. Kuma ka tuna girman motarka kashi ɗaya ne cikin 56 na ta gaske, don haka tabon milimita biyu a jikinta ya haura santimita 11 a asali. Nan mafi yawan mutane ke zarcewa. Idan kana jin saura kaɗan, to ka gama.

Bayan haka ka fesa banish mai sheƙi, ka tsinka fenti irin na mai (oil paint), mai launin ruwan ƙasa mai duhu, da tina har ya zama ruwa-ruwa, ka taɓa bakin siririn buroshi a gindin notuna da tsagogi. Da kansa zai bi layi. Wanda ya fantsama, ka share da buroshi mai ɗan danshin tina. Banish ɗin ne ke kare fentin da ke ƙarƙashinsa, kada ka tsallake shi. In ba ka son warin tina, Agrax Earthshade, wani fenti mai ruwa-ruwa na kamfanin Citadel, zai yi, sai dai yana saurin bushewa.

Sai ƙura, wadda a ganina ita ce rabin aikin. Akwai garin launi na kamfanonin Vallejo da AK Interactive, amma allin zane mai launi da ka goga a sanfefa ya wadatar. Ɗauki wanda ya fi fentin motar haske. In hunturu ya kama, tsaya ka kalli tirelar da ta sha hanya: ƙura ta fi yawa a ƙasa wajen tayoyi, tana raguwa in aka yi sama, tana kuma kwanciya a lunguna. Haka za ka zuba ta da busasshen buroshi, ka ɗiga tina kaɗan ta kama. Sarƙar tankar kuwa, cika ramukanta da ƙura, ka goga bakin fensir a haƙoran da ke taɓa ƙasa, su yi ƙyallin ƙarfen da ya gogu.

Da yake ta wasa ce, hannu zai yi ta ɗaukarta, dole ka rufe da banish marar sheƙi. Sai dai yana dusashe garin launi, saboda haka ka ɗan ƙara hasken ƙurar kafin feshi. In ta bushe, ajiye ta a tebur, ka ja baya kamar taku biyu ka duba, don daga nan abokin karawarka zai gan ta.