Tambaya da Amsa: Dodon Koɗin da Ake Talla a Waya

Tambaya daga Argungu: Malam, ina da gonar shinkafa a fadama da ɗan tafkin kifi kusa da ita. Wani yana tallar dodon koɗi na ruwa a WhatsApp, wai yana hayayyafa da sauri, zai rage min kuɗin abincin tarwaɗa. In saya?

Amsa: Alhaji, kada ka saya. Saurin hayayyafar da yake yi maka kirari da ita, ita ce abin tsoron. Akwai wani dodon koɗi ɗan asalin Kudancin Amurka da aka kai Taiwan da Filifin a wajajen 1980 da irin wannan romon baka, wai za a samu nama mai araha. Mutane ba su karɓe shi ba, aka watsar, ya bi magudanan ruwa ya shiga gonaki. Yau yana cikin manyan maƙiyan shinkafa a Asiya, domin yana cinye dashe tun yana ɗanye, manomi ya wayi gari ya tarar da ruwa zalla. A 2020 an tabbatar da ɓullarsa a Mwea, babbar cibiyar noman shinkafa ta Kenya. Alamarsa ba ta ɓuya: yana manna ƙwai curi-curi masu launin ruwan hoda a jikin kara ko bango, sama da ruwa. Wanda ya ga haka ya garzaya wurin malamin gona.

Akwai kuma wani ƙarami ɗan Asiya, Tarebia, da aka gano a Afirka ta Kudu a 1999. Macensa ba ta buƙatar namiji, ita kaɗai take haihuwa, kuma yana jure ɗan gishiri, shi ya sa ya mamaye tafkin St Lucia da ke bakin teku har yana ture dodon koɗin da ya tarar. Guda ɗaya ya isa ya cika ruwa. Ka tuna tafkinka ba tukunya ba ce; damina na sauka ambaliya za ta haɗa shi da gulbi, abin da ka zuba ya zama na kowa har Birnin Kebbi da Yawuri.

Tambaya daga Talata Mafara: Ƙananan dodon koɗi sun cika magudanar da muke ban ruwa daga Bakolori, yarana biyu kuma suna fitsarin jini. Wane magani zan saya in zuba a ruwan?

Amsa: Baba, fara da yaran. Wannan alamar tsargiya ce, kuma waɗannan ƙananan na gida su ne ke rainon tsutsar da ke huda fata idan an shiga ruwa. Kai su asibiti a gwada fitsari. Maganin sunansa praziquantel, ana auna shi da nauyi ko tsayin yaro, don haka ba na saye a tebur ba ne.

Maganin zubawa kuwa, ban ba ka shawara ba. Niclosamide yana kashe dodon koɗi, amma yana kashe kifi, ga shi ruwan na jama'a ne. Kuɗin nan ka sa su a dogon takalmin roba da raga mai ƙananan ido a bakin shigar ruwa. Ku haɗu da maƙwabta ku yashe ciyawar magudana, nan suke maƙalewa, sannan a hana yin fitsari da bahaya a ciki, ta nan ƙwan tsutsar ke komawa ruwa.

Tambaya daga Yawuri: Zan sayi tsohon taru da kwalekwale daga wani gari. Akwai matsala?

Amsa: Saya, ɗan'uwa. Amma ka kankare lakar, ka cire duk ciyawar da ta maƙale, ka shanya su a rana su bushe ƙarau na kwanaki kafin su taɓa kogin Neja, don kada su kawo baƙon dodon koɗi.