Tambaya da Amsa: Wai da gaske kwamfuta ta hango mutuwar dajin Amazon?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Dan Allah ina da tambaya, kwanaki ina sauraron rediyo naji ana hira akan taron sauyin yanayi da akayi a garin Belem na ƙasar Barazil, sai aka ambaci wani masani Carlos Nobre, wai tun shekara talatin da wani abu ya faɗa cewa in aka cigaba da sare kurmin Amazon ruwan sama zai ragu har wajen ya koma kamar dajinmu na nan. Abinda ya ɗaure min kai ance a kwamfuta ya gano, to ya akayi kwamfuta ta san abinda bai faru ba, ba duba bane wannan? Kuma mu dai a makaranta ce mana akayi ruwa ke kawo daji, ba daji ke kawo ruwa ba. Nagode. Mai karatu daga Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Bari na fara da ta ƙarshen don ita ce gindin maganar. Gobe da safe ka samu farar leda, ka zura reshen mangwaro ko darbejiya mai ganye a ciki ka ɗaure bakin da roba, ka tafi harkarka. Kafin la'asar zaka ga ledar tayi gumi har ruwa ya taru a gindinta. Ruwan nan saiwa ce ta zuƙo shi daga ƙasa, ganye ya fitar dashi a matsayin tururi. Reshe ɗaya kenan fa. A Amazon babbar bishiya guda tana iya fitar da ruwa har kusan lita 1,000 a yini, kuma kurmin nan ya ratsa ƙasashe da yawa, Barazil da Peru da Kolombiya da sauransu, to ka lissafa. Tun a shekarun 1970 wani masanin Barazil Eneas Salati ya nuna cewa kusan rabin ruwan da ake yi a yankin, kurmin ne da kansa ke mayar dashi sama. Iska ta ɗebo danshi daga tekun Atilantika, ayi ruwa, bishiyoyi su maida shi sama, iska ta tura shi gaba yamma a sake yin ruwa, haka haka har ya je ya daki duwatsun Andes ya karkata kudu wajen gonakin Barazil da Ajantina. Malaminku bai yi ƙarya ba, rabin maganar ya faɗa muku.

Shi Nobre an haife shi a Sao Paulo a 1951, kuma asali ma injiniyan lantarki ne, a 1974 ya gama, sai aiki ya kai shi garin Manaus can tsakiyar kurmin, daga nan ya wuce jami'ar MIT a Amurka yayi digirin dakta a ilimin yanayi ya gama a 1983. Tambayar da ta dame shi mai sauƙin faɗa ce: tunda kurmi ne ke yin rabin ruwansa, in aka sare shi me zai faru? Ba yadda za'ayi ka sare Amazon don gwaji sannan ka mayar dashi in abin bai yi kyau ba. Nan kwamfuta ta shigo.

Ka san allon dara ai, gida gida. To haka masana ke yanka duniya da sararin samanta gida gida a cikin kwamfuta, kowane gida a bashi zafinsa da danshinsa da ƙarfin iskarsa, sannan a saka dokokin fiziks da aka riga aka tabbatar, iska mai zafi tana tashi sama, tururi in ya huce ya zama hadari, da sauransu. Sai kwamfuta tayi ta lissafa yadda kowane gida ke taɓa maƙwabcinsa, minti bayan minti har shekaru. Irin lissafin da ake hasashen damina dashi ne, babu aljani a ciki. Abinda ya rage a wancan lokacin shine bishiyar kanta, don lissafin farko farko ƙasa kawai yake ɗauka kamar bokitin da ruwa ke cika yana ƙafewa. Wani Bature Piers Sellers ne ya rubuta lissafin da ya saka ganye da saiwa a ciki, yadda ramukan ganye ke buɗewa suna rufewa, zurfin da saiwa ke kaiwa, hasken da ganye ke sha. Mutumin nan daga baya ɗan sama jannati ya zama a NASA, sau uku yana zuwa sararin samaniya, kaji masu rabo.

Nobre da Sellers da wani ɗan Indiya Jagadish Shukla suka tada lissafin sau biyu. Na farko da kurmin yadda yake, na biyu suka share shi suka saka filin kiwo mai ciyawa, sauran komai da komai suka barshi yadda yake. Suka buga sakamakon a 1990 da 1991: zafi ya ƙaru da kusan digiri 2.5, tururin da ke tashi ya ragu da kashi 30 cikin 100, ruwan sama ya ragu da kashi 25, sannan rani ya ƙara tsawo musamman a kudancin kurmin. Wannan na ƙarshen ne yafi tada hankali, don bishiyar kurmi bata jure dogon rani, in rani ya miƙe ko an daina sara bazata dawo ba, sai ciyawa da itatuwa jefi jefi masu jure wuta. Abinda kaji a rediyo kenan.

Amma kar ka ɗauka wahayi ne. Ga misali da ya shafe mu kai tsaye, Jule Charney, malamin da Nobre ya zauna a gabansa a MIT, shine a 1975 bayan farin nan da ya ƙarar da dabbobi a Nijar da arewacin Najeriya yace yawan kiwo ne ya tsiraita ƙasa, ƙasa tsirara kuma tana mayar da hasken rana sama, shi yasa hadari baya haɗuwa. Shekaru ana ɗora wa makiyaya laifi, sai a 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka nuna da irin wannan lissafin cewa babban dalilin farin Sahel canjin zafin ruwan teku ne, ciyayi dai suna ƙara wa abin ƙarfi ne kawai. Kaga lissafi ya gyara lissafi.

Abinda ni yake burge ni da Nobre bai tsaya a gaban kwamfuta ba. Shi ya jagoranci wani babban shiri da ake kira LBA daga ƙarshen shekarun 1990, aka kakkafa dogayen hasumiyoyin ƙarfe da suka zarce kan bishiyoyi, da na'urori suna auna tururi da iskar kabon (wadda bishiya ke sha, yawanta a sama kuma ke ɗumama duniya) da ke shiga da fita dare da rana, ɗaliban Barazil da yawa a nan suka samu digirinsu. Da farko lissafi na cewa sai an sare kusan kashi 40 kafin a kai gaɓar da babu komawa. A 2018 Nobre da wani masani ɗan Amurka Thomas Lovejoy suka ce a'a, in ka haɗa sara da gobarar daji da ɗumamar duniya, kashi 20 zuwa 25 ya isa. Wanda aka sare yanzu ya kai wajen kashi 17, yawanci don kiwon shanu da noman waken soya. Gaskiya akwai masanan da basu yarda da lamba ɗaya tak ba, suna cewa kurmin ba gaba ɗaya zai faɗi ba, wani yanki zai riga wani, kuma ni ma nafi karkata nan, wannan 20 zuwa 25 ɗin kiyasin masana ne ba awon sikeli ba.

Sai dai awon da ake yi a fili yana bin bayan maganarsa. Wata masaniyar Barazil Luciana Gatti ta kwashe daga 2010 zuwa 2018 tana tura ƙananan jirage suna ɗebo iska a saman kurmin, kusan sau 590, a 2021 ta fitar da cewa kudu maso gabashin Amazon yanzu kabon ɗin da yake fitarwa yafi wanda yake sha. An yi fari a 2005 da 2010 da 2015, a 2023 kuwa kogin Negro a Manaus ya sauka zuwa mita 12.7, ba'a taɓa ganin haka ba tunda aka fara awo a 1902, sai 2024 ta zo ta karya wannan ɗin ma. Jiragen ruwa suka kafe a yashi, ƙauyukan da kogi ne hanyarsu tilo suka rasa abinci da magani.

Ta wajen saran kuwa abin hawa da sauka yake da wanda ke kan mulki. Hukumar binciken sararin samaniya ta Barazil, INPE, inda Nobre ya daɗe yana aiki, tana ƙirga kurmin da ake sarewa duk shekara a ɓangaren Barazil da tauraron ɗan'adam tun 1988: murabba'in kilomita kusan 27,800 a 2004, ya sauko 4,600 a 2012, ya koma 13,000 a 2021 zamanin shugaban ƙasa Bolsonaro, wanda gwamnatinsa har shugaban hukumar ta tsige a 2019 saboda alkaluman basu mata daɗi ba, sannan ya sake saukowa wajen 6,300 a 2024 bayan dawowar shugaba Lula kan mulki.

Ledar nan kuma in ka gwada ka cire ta kafin magariba, in ta kwana biyu a rana ganyen dahuwa zai yi mai bishiya ya biyo ka.