Ciwon huhun da ke ta dawowa, ko daga ruwan gida ne?

'Yar'uwa, Allah ya ba Mama lafiya. Kin ce tun da aka yi mata dashen ƙoda ciwon huhu ke ta dawo mata, likita kuma yana zargin ruwan gida. Zarginsa yana kan hanya.

Akwai ƙwayoyin cuta dangin na tarin fuka, irin su Mycobacterium avium, da ke zama cikin yauƙin da ke manne a bututu da kan shawa, kuma kulorin, maganin da ake sa wa ruwan famfo, bai cika kashe su ba. Mai ƙarfin jiki ba su cika damunsa ba. Amma wanda garkuwar jikinsa ta raunana, kamar wanda aka yi wa dashen ƙoda, idan ya shaƙi feshin ruwan, sai su sauka a huhu. Ko ta warke, tana iya sake kamuwa daga shawar nan.

Ni dai da ta koma wanka da bokiti. Ku riƙa kwance kan shawa kuna wanke shi, amma ba ita za ta yi ba. Zafin hitar ruwa ya kai digiri 60 a ma'aunin Celsius don rage ƙwayar, a surka kafin wanka.

Don Allah kada ta yanke magani don ta ji sauƙi. Idan wannan ƙwayar ce, akan ci gaba da shi wata 12 bayan gwajin majina ya daina nuna ƙwayar.